Furannin da Na Ajiye a Ƙofar Gidan Alhaji Buba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da Mairama ta fara tsayawa a ƙofar shagon ɗinkin mahaifina a unguwar Sintali ba. Wandon yayanta ta kawo a rage masa tsawo. Rake take sha, tana tofar da tuka a gefen kwata, amma ni abin da idona ya gani daban ne. Na ga doguwar yarinya, rana na faɗuwa a bayanta, iska na kaɗa gefen mayafinta, daidai yadda ake buɗe babi na farko a littattafan soyayyar da nake haya a bakin kasuwa. (A lokacin da wuya wani littafi ya iso Jalingo daga Kano ban karanta shi ba. Wasu har kalaman samarin ciki na haddace, ina jiran ranar da za su yi mini amfani.) Ta ce, "Baba ya fita ne?" Na ce eh. Ta ajiye wandon ta tafi. Iyakar hirarmu ke nan, amma kafin in yi barci ran nan har na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Ina shekara ta biyu a jami'a, a sashen harsunan duniya da al'adunsu, Faransanci ne babban darasina. Malamai suka shiga dogon yajin aiki, aka koro mu gida. Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, baƙin ma'aikata na ta shigowa daga ko'ina, ni kuma a unguwa ana ganin babu yaren da ban iya ba. Dattawa su tare ni a ƙofar masallaci su ce, "Ɗan jami'a, mutanen Sin yaya suke gaisuwa?" Ban taɓa cewa ban sani ba. In na sani in faɗa, in ban sani ba in gyara murya in faɗa da ƙarfi.

Yayan Mairama, Hamman, abokina ne tun firamare, don haka gidansu a unguwar Yelwa ba baƙon wuri ba ne a gare ni. Mahaifinsu Alhaji Buba dillalin shanu ne, mutum mai ƙarancin magana. Yana sona. Yakan zaunar da ni a tabarmarsa a zaure, mu saurari labaran duniya a rediyo, ya tambaye ni inda ƙasa kaza take. Na taɓa jin yana gaya wa wani baƙo cewa, "Yaron nan yana da natsuwa." Wannan magana ita ce duk jarina. A lissafina, in na gama karatu in tura kawunnaina, Alhaji ba zai ce a'a ba.

Matsalar ita ce ita Mairama ba ta san da zancen ba. Duk ranar da ta kawo mana ruwa zaure sai harshena ya ƙage, kalaman da na haddace su watse. Ga kuma Sa'adu, ɗan Goggo Dudu, yayar Alhaji da ke zaune a gidan. Yana fataucin shanu, yana da babur, duk Juma'a yana zuwa daga Sunkani wai gaida mahaifiyarsa, amma da man shanu da sabulu mai ƙamshi a leda. Ni ko keke ba ni da shi. Kullum ina kwana da fargabar abu biyu: a janye yajin aiki in koma makaranta ban ce komai ba, ko kuwa in ji an kawo goron Sa'adu.

A nan ne na tuna da Misye. Malaminmu ne na al'adun Faransawa, mutumin Kwatano, mai ɗaure wuya da ɗan ƙyalle ko ana zafin da ƙwai zai dahu a kan kwalta. Ya taɓa gaya mana cewa a can saurayi mai aji ba ya fara magana da baki. Furanni yake aikawa. Ja shi ne na soyayya. Ba a aika adadin da zai rabu biyu daidai. Kuma wanda ya ƙware ba ya sa sunansa, sai ya bar zuciyar yarinyar ta nemo shi da kanta. Ajin ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba. Na riƙe wannan darasi fiye da duk abin da ya taɓa fitowa a jarrabawa. Ga hanyar da mai nauyin baki zai yi soyayya ba tare da ya buɗe bakin ba, me ya fi wannan?

Sai dai a Jalingon wancan lokaci babu mai sayar da fure. Ka je kasuwa ka nema, zoɓo za a auna maka. Wuri ɗaya na sani, gidan Madam Rifkatu a rukunin gidajen ma'aikata da nake wucewa in za ni Yelwa. Nas ce, Bajukuna daga Wukari. Ta taɓa aiki a kan tsaunin Mambila, daga can ta sauko da furen wardi a gwangwanaye, ta yi masa rumfar zana saboda rana, tana sayen ruwa a wurin 'yan garuwa tana ba shi kamar jariri. Na je na gaishe ta da ladabi, na yabi furannin, na ce ta sayar mini da kaɗan.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wannan na coci ne, ɗalibi. Lahadi muna godiya na girbi. Ko gwamna ya zo ba zan ba shi ba."

Na ce na gode. A littattafan da na karanta, babu saurayin da shinge ya taɓa hanawa.

Ranar Alhamis, da aka idar da sallar asuba, na bi ta bayan gidanta da almakashin mahaifina a aljihu. Na zura hannu ta cikin waya na yanko guda bakwai. (Misye bai taɓa gaya mana cewa abin yana da ƙaya ba. Ko ya faɗa ina can ina mafarki.) Na ga sun yi kaɗan a hannu, sai na tuna a hotuna akwai ganye kewaye da su, na tsinko na darbejiya na ƙara. Na ɗaure da wani jan ƙyalle da na yago daga ragowar ɗinki, na yi ƙulli a kan ƙulli don kada ya kwance. Na shinshina na ji ƙamshin bai kai yadda ake bayani a littafi ba, na zazzaga masa turaren mahaifiyata mai kauri. Sannan na lallaɓa Yelwa, na kwantar da shi a dokin ƙofar zauren Alhaji, kawunan furannin suna kallon cikin gida. Na san Mairama ce ke fitowa shara da sassafe.

Na koma gida na kwanta ina tsara yadda za ta ɗauka, ta rungume a ƙirji, ta ɗaga ido sama tana tambayar zuciyarta wane ne.

Da hantsi Hamman ya yi birki a ƙofar shago, ko sallama bai yi ba.

"Taso, Baba na nemanka."

Na ce, "Lafiya?"

"Ina fa lafiya. An yi mana ajiya a ƙofar gida. Goggo ce ta gani, saura kaɗan Mairama ta tsallaka."

"Ajiyar me?"

"Sammu mana. Hau mu je."

Na hau bayan kekensa. Duk tsawon hanyar ina addu'ar taya ta fashe.

Mun tarar da ƙofar gidan cike da mutane, maza a gaba, mata na leƙe ta kan katanga. An kife abin da tsohon daro, an zagaye shi da toka. Malamin unguwa, wanda ake kira Modibbo, na gefe a kan buzu yana rubutu a allo. Daga cikin gida hayaƙi ne ke tashi, mai yaji, irin wanda ake turara wa wanda ake jin an yi wa aike, kuma a cikin hayaƙin ina jin tari. Na gane muryar, ta Mairama ce. An lulluɓe ta da bargo a kan kasko, in ji Hamman, ko da wani abu ya riga ya shige ta.

Alhaji Buba ya yafuto ni. "Zo nan, ɗan jami'a. Garin nan yanzu ya cika da baƙi, kowa da irin tsafin garinsu. Modibbo ya duba ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Kai ne ka karanci al'adun mutanen duniya. Duba mana, aikin wace ƙabila ce?"

Aka sa sanda aka ɗaga daron.

Gaskiya ko ni da na haɗa shi sai da gabana ya faɗi. Furannin sun yi laushi sun koma baƙi-baƙi, ganyen darbejiya ya yanƙwane, turaren ya haɗu da zafin daro ya zama wani wari na daban. Ga jan ƙyalle, ga ƙulle-ƙulle. Idan da a ƙofar gidanmu na tsinci wannan abu, ni ma malam zan kira.

Goggo Dudu ta matso tana nuni da bakin carbi. "Ku ƙirga, bakwai ne. Ku dubi inda aka juya kansa, cikin gida. Ga jini nan ma a jikin ƙyallen."

Jinina ne. Na tura hannuwana cikin aljihun riga har ƙasa.

Alhaji ya ce, a hankali yadda ya saba, "Duk wanda ya yi wannan, yarinyar nan yake nema ta bayan gida. To ko shi kaɗai ya rage namiji a ƙasar Muri, ba zai same ta ba."

Mai karatu, a nan ne ya kamata in yi magana. Na sani, a lokacin ma na sani. Jimla ɗaya ce: Baba, ni ne, fure ne kawai, ku sauke ta daga kan kaskon. Za a yi mini dariya, Goggo ta zage ni, shi ke nan. Amma maganar Alhaji ta tsaya mini a rai. In na ce ni ne, na rasa ta. In na yi shiru, wataƙila abin ya wuce, in ci gaba da zama yaro mai natsuwa. Tarin kuma bai tsaya ba.

Sai na tsuguna a gaban abin, hannu a aljihu, na gyara murya irin ta ƙofar masallaci.

"Baba, irin wannan an fi samunsa a ƙasashen Turai."

"Turawa ma suna yi?"

"Suna yi sosai. Musamman Faransawa."

Aka yi salati a bayana. Alhaji ya ce, "Me yake sawa?"

"Yakan sa mace ta riƙa tunanin wanda ya ajiye."

"Ban faɗa muku ba?" in ji Goggo.

"Yana da makari?"

"Ba ya daɗewa, Baba. In an bar shi, da kansa yake bushewa."

Na ji daɗin wannan amsa, na ɗauka na kashe wutar. Ashe hura ta na yi. Wani maƙwabci mai sayar da buhunan masara ya ce, to wa ke da hulɗa da Faransawa a nan in ba masu kai shanu Kamaru ba? Wani ya ce ai kuwa Sa'adu bai daɗe da dawowa daga can ba. Goggo Dudu ta juya kamar an watsa mata ruwan zafi, ta koma Fillanci, ta dawo Hausa, ta ce ɗanta ko nafila ba ta wuce shi, wanda ya sake kama sunansa sai sun je gaban alƙali. Na ga Alhaji ya sunkuyar da kai yana tunani.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, wani sanyi na ji a zuciyata. Na ce a raina, ashe Misye bai san rabin amfanin furanni ba.

Daɗin bai daɗe ba. Tarin cikin gida ya koma shaƙewa, mahaifiyar Mairama ta tsorata ta aika a kira nas mafi kusa. Ban san wacce aka kira ba sai da na hango farin kaya da tabarau suna ratsa taron. Na nemi hanyar zamewa, amma Alhaji na riƙe da gefen rigata yana tambayata ko Faransawa na binne nasu ne ko ƙonawa.

Madam Rifkatu ta shige ciki kai tsaye. Muna jin faɗanta daga waje. "Ku cire wannan bargo. Kuna so ku kashe shi ne? Yarinya yana neman iska, kuna ba shi hayaƙi." Aka fito da Mairama zaure aka zaunar da ita a bakin ƙofa, idanunta jajur, hawaye da majina sun haɗu, ɗankwali a karkace. Ba haka na tsara ganinta ran nan ba. Ta ɗago ta dube ni, kallo mai tsawo, na kawar da kai.

Madam ta fito tana goge hannu. "Ina abin da ya kawo wannan wahala duka?"

Aka nuna mata. Ta sunkuya. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Sannan ta sa hannu tsirara ta ɗauke shi, mata suka yi baya.

"Wannan ba magani ba ne. Fulawa na ne. Tun safe ina neman ɓarawo."

Ta juyo tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai duba marasa lafiya a layi. Ta iso kaina ta tsaya.

"Ɗalibi. Fito da hannu."

Na ce, "Madam, ai ni..."

"Fito da shi."

Na fito da su. Daga yatsu har wuyan hannu duk karce ne, wani wurin ma bai bushe ba. Modibbo ya ajiye alƙalaminsa. Hamman ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, ya matsa gefe kamar bai taɓa sanina ba.

Alhaji ya saki rigata. "Kai ne?"

"Baba, wato a Faransa, idan mutum yana..."

"Nan Faransa ne?"

Wani ya fashe da dariya a baya, ta bazu har kan katanga. Goggo Dudu ta cire takalmi, aka riƙe ta. Madam na ta lissafa mini abin da za ta gaya wa mahaifina. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya jira hayaniyar ta lafa, sannan ya ce, "Da ka zo ka faɗa mini, da na ce ka gama karatu tukuna mu gani. Tsinkar fure kuma yarinta ce, Madam za ta yi haƙuri. Amma kana tsugune a gabana, kana jin yarinyar nan tana shaƙewa, kana ji ana kama sunan wanda bai san komai ba, kana yi mini karatu. Tashi ka je gida."

Na tashi. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni Sintali ba. Kafin la'asar sunana ya riga ya koma Bokan Faransa, har a bakin dattawan da ke tambayata gaisuwar mutanen Sin. Mahaifina bai dake ni ba. Ya karɓi almakashinsa, ya kai ni gidan Madam da kansa, ya ce daga yau ni ne ɗan garuwarta. Haka na yi ta jido wa wardi ruwa har aka janye yajin aiki. Zauren Alhaji kuwa ban sake takawa ba. In mun haɗu a hanya yakan amsa gaisuwata cikin mutunci, irin amsar da ake yi wa baƙo.

(Don kada in ɓoye komai: a jarrabawar Misye ta wannan zangon ni na zo na ɗaya.)

Abin da na koya bai kai a buɗe masa sashe a jami'a ba. Kafin mutum ya haddace abin da ake ajiye wa 'yan mata a ƙofar gida a birnin Faris, ya fara sanin abin da mutanen Yelwa ke yi in sun wayi gari sun ga ƙulli a tasu ƙofar. Kuma duk hanyar soyayyar da aka ce maka ba sai ka buɗe baki ba, ka bincika da kyau, akwai ranar da za a ce ka buɗe shi a gaban unguwa guda.

Mairama ta auri Sa'adu, ta kuma yi karatun jinya bayan auren. Ban sake ganinta ba sai bayan shekaru masu yawa, ina koyar da Faransanci a sakandare, furfura ta fara fito mini. Aiki ya kai ni Sunkani, jiri ya ɗebe ni, aka kai ni wani ƙaramin asibiti. Ita ce babbar nas a wurin. Ta yi ƙiba, tana ba yara ma'aikata umarni da murya ɗaya. Ta tambayi iyalina, na tambayi nata, ta ce babbar 'yarta na jami'a. Ta naɗa mini abin awon jini a dantse ta fara matsa ƙwallon robar.

"Ka san na gan ka ran nan?" ta ce, idonta na kan allurar awon.

"Wace rana?"

"Ina bayan ƙofar zaure da tsintsiya lokacin da ka ajiye. Na fito zan ɗauka Goggo ta riga ni ihu."

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa ba? Kika zauna a kan kaskon nan?"

"Ni ce zan faɗa? A gidanmu, a gaban Baba?" Ta saki iskar a hankali. "Da na ji an ce an kira ka, na ce to ga shi ya zo, yanzu zai yi magana. Na yi ta jira a cikin bargon nan."

Ta cire abin daga hannuna, ta rubuta wani abu a kati.

"Jininka ya hau, Malam. Ka rage gishiri, ka rage tunani." Ta leƙa ƙofa ta ce a shigo da na gaba.